Gargaɗi ga masu neman firam ɗin keken doguwar tafiya

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwa masu sha'awar tafiya mai nisa a kan keke, musamman waɗanda suka karkata ga keke mai kafaffen giya, wato wanda ba shi da firiwil, wanda fedarsa ba ta tsayawa muddin tayar baya tana juyawa. Akwai wani mutum da yake tallar firam, wato gangar jikin keke, na gwanjo a Facebook da zaurukan WhatsApp na mahaya keke, yana cewa kayan Ingila ne da Japan, kuma yakan rubuta a ƙarƙashin kowane hoto cewa firam ɗin ya dace da kafaffen giya da doguwar tafiya. Na faɗa hannunsa, kuma asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar yadda na tsorata da abin da zai faru da na hau wannan ƙarfe na kama hanya.

Abin da yake cin kasuwa da shi shi ne wahalar samun irin wannan firam. Kafaffen giya yana buƙatar bakin baya, inda aksil ɗin taya ke zama, ya kasance doguwar tsaga a kwance, domin a ja tayar gaba ko baya har sarƙa ta ɗaure daidai, kamar yadda muka sani a tsofaffin kekunan Raleigh na iyayenmu. Yawancin kekunan zamani kuwa bakinsu a tsaye yake, kuma ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ake maƙalawa ya ja sarƙa ba ya aiki a kafaffen giya, domin da zarar mahayi ya danne feda baya zai lanƙwashe shi. Firam ɗin tseren fili yana da bakin da ake so, da faɗin milimita 120 a baya, sai dai an ƙera shi ne don zagaye a shimfiɗaɗɗen fili: siririyar taya kawai yake ɗauka, ba shi da hujin ɗaura kariyar ɗaukar kaya ko gorar ruwa, wani ma ba a huda masa gurbin birki ba. Mai son tashi daga Kano zuwa Daura ko Zariya da kaya a baya yana neman abin da ya haɗa biyun ne, ga baki a kwance, ga wurin taya mai kauri da kariya da birki gaba da baya. Na shafe watanni ina nema ban samu ba, shi ya sa da na ga tallarsa hankalina ya tafi.

Hoton da ya turo mini na wani koren firam ne mai sheƙi, da tambarin Reynolds 531 a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Duk wanda ya san keken ƙarfe ya san darajar wannan suna, domin bututu ne da kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935, mai ƙarfi da rashin nauyi, kuma shekaru da dama a kansa ake ƙera manyan kekunan tafiya da na tsere a Turai. Na roƙi ya ɗauko mini bakin baya daga kusa, sai ya ce kayan suna sito, yaron da ke riƙe da makulli ya yi tafiya, sannan ya ƙara da cewa, "Alhaji, mutum biyu na jiransa, don mutuncinka kawai na riƙe maka." Na tura rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, na cika sauran ranar da ya turo hoton kwali a tasha tare da lambar direba. A nan na yi kuskure, kuma ba na ɓoye shi.

Da kayan suka iso na kai wa wani dattijo mai gyaran keke da na daɗe ina hulɗa da shi. Bai ce komai ba da farko. Ya ɗaga firam ɗin da hannu ɗaya ya jinjina, ya ƙwanƙwasa bututun da farce ya kasa kunne, sannan ya ce, "Malam, wannan ai ƙarfen famfo ne." Ya sa farce a gefen tambarin, sai ga shi yana ɓarewa a kan sabon fenti. Ashe irin waɗannan tambura ana buga su ana sayarwa a intanet don masu sabunta tsofaffin kekuna, kowa yana iya saye ya liƙa a inda ya ga dama. Muka auna ramin da sandar sirdi ke shiga, muka sami milimita 25.4, alhali faɗin bututun daga waje 28.6 ne. Ma'anar wannan ita ce kaurin bangon ya kai milimita 1.6. Firam ɗin Ingila na ainihin 531 mai siririn bango galibi sandar 27.2 yake ɗauka, domin bangonsa bai kai milimita ɗaya ba. Wannan awo guda da na nema tun farko da ya tona asirin cinikin gaba ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana gaba. Baba ya shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keke, dab da mahaɗa, ya ce in taɓa. Na ji ɗan tudu kamar ƙurji a ƙarƙashin fenti. Ya kankare wurin da wuƙa, bodi-fila ta zubo fara, ƙarfen ya bayyana a tattare da siririn tsagu a gefensa. Wannan alama ce ta keken da ya yi karo gaba da gaba, kuma irin wurin nan ba ya ba da sanarwa ranar da zai rabu. Bakin bayan ma ba nasa ba ne: an yanke na asali, an yi waldar wasu faranti biyu masu tsaga, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Baba ya ɗaura zare daga baki ɗaya, ya zagayo da shi ta wuyan keke zuwa ɗaya bakin, muka auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu, bambancin ya fito fili ko ba a sa ma'auni ba. A keke mai firiwil karkatacciyar taya takan jawo cin roba da wahalar tuƙi. A kafaffen giya kuwa, idan sarƙa ta zame ta maƙale a gangara, tayar baya ce take ƙamewa nan take, mahayi kuma ya sha ƙasa a gaban duk motar da ke biye da shi.

Har tayar bayan da ya haɗo mini da sunan kyauta tarko ce. Hob ɗin kafaffen giya na gaskiya, wato cibiyar tayar, yana da zaren murɗawa irin na noti hawa biyu: haƙorin giya ya ɗauru a na farko, sannan wani zobe mai zaren hagu ya kulle shi a na biyu, yadda danna feda baya ba zai kwance shi ba. Nasa hob ɗin firiwil ne aka murɗa wa haƙori aka shafa gam. Ranar da mutum ya fi bukatar rage gudu da ƙafarsa, ranar ce haƙorin zai warware.

Na kira shi na yi masa bayani cikin mutunci, na kuma tura masa hotuna. Da farko ya ce direba ne ya yar da kayan, daga baya ya ce ai gwanjo ba a mayarwa, kashegari kuma ya toshe lambata. Bayan mako biyu wani abokin tafiyata ya nuna mini talla a wani zaure da sabon suna da sabuwar lamba, amma koren firam ɗin nan ne, a jingine da bango ɗaya, da kalmomi iri ɗaya. Wato hoton na wani firam ne daban wanda ba ya barin hannunsa, abin da ake aikowa kuma duk abin da aka samu aka fesa wa koren fenti.

Saboda haka duk wanda zai sayi firam daga nesa, ya nemi bidiyo kai tsaye, mai kayan yana riƙe da ma'auni, ya nuna faɗin sandar sirdi, da faɗin baya tsakanin baki da baki, da siffar bakin daga kusa, da lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda, sannan ya haska fitila a ƙarƙashin bututun biyu da suka haɗu da wuya. Sabon fenti a kan tsohon firam dalili ne na ƙara bincike. Wanda ya ce firam ɗinsa na keirin ne, wato tseren fili na Japan, mai hatimin NJS na amincewar hukumar tseren, kuma a lokaci guda ya ce na ɗaukar kaya ne, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba ko yana fatan kai ba ka sani ba. In da hali a wakilta wani mai gyaran keke a garin ya gani da idonsa kafin a tura ko sisi.

Na kai ƙorafi bankina da takardun shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, ina jiran abin da za su ce. Firam ɗin yana rataye a shagon Baba, na roƙe shi ya tsaga shi biyu kafin ya shiga hannun 'yan gwangwan, don kada wani ya sake fesa masa fenti. Idan kun ga koren firam da tambarin 531 a jingine da bango, mai shi yana cewa makullin sito ba ya hannunsa, ku sanar da masu kula da zauren ku kuma faɗa wa na kusa da ku.