AIA ko EIS don auna zafin madaukan koronar Rana? Amsa ga ɗalibin da ya tambaya

Ƙanena, ka tambaya wace na'ura za ka yi aiki da ita don auna zafin madaukan korona, wato lanƙwasassun zaruruwan iska mai zafi da ke can saman sararin Rana. Tunda digiri na biyu kake yi kuma lokaci ya ƙure maka, ɗauki AIA kawai.

Da ita na yi nawa aikin. Na'urar ɗaukar hoto ce da ke kan tauraron ɗan adam na SDO da NASA ta harba a 2010, tana ɗaukar hoton Rana gaba ɗayanta duk bayan daƙiƙa 12. Matatan haskenta shida ne za su yi maka aiki: 94, 131, 171, 193, 211 da 335 (lambobin tsawon zangon hasken ne a ma'aunin angstrom), kowacce da zafin da ta fi gani. Ta 171 tana kama abin da bai kai digiri miliyan 1 ba, ta 211 wajen miliyan 2, ta 94 kuwa wajen miliyan 6. Na taɓa bin wani madauki bayan ya ɗau zafi. Ya fara haske a 335, ya dushe, sai ga shi a 211, daga nan 193, can daga baya ya fito fes a 171. Da idona na ga yana hucewa mataki-mataki, har na kira abokan karatuna suka zo muka kalla tare.

EIS, na'urar rarrabe haske ta tauraron Hinode na Japan, wanda aka harba a 2006, ba a raina ta ba. Tana rarrabe layukan hasken ƙarfe ɗaya-ɗaya, har cunkoson iskar cikin madaukin tana ba ka, abin da AIA ba ta iyawa kai tsaye. Amma ta siririyar tsaga take leƙe, kafin ta gama share wurin madaukin ya canja, kuma ba lallai ta kalli yankin da kake so ba.

Inda za ka sha wuya shi ne cire hasken da ke gaba da bayan madaukin. Korona ba ta tare haske, duk abin da ke kan layin kallonka ya gauraya da naka. In ka yi sakaci a nan, madauki mai zafi guda zai fito maka kamar mai zafi iri-iri. Masana ma sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Ka kuma gyara raguwar ƙarfin matatun, don sun tsufa.

Ka yi hattara da masu tallar bayanan da wai sun tace, ko satacciyar manhajar nazarin bayanai ta IDL. Kada ka ba kowa ko sisi. Hotunan kyauta ne a rumbun JSOC na Jami'ar Stanford, manhajojin SunPy da aiapy ma kyauta ne. Kuɗinka ka sa a data da babban faifan ajiya, don hotunan suna da nauyi.