Hattara da masu sayar da "akwatin talabijin na har abada" a Birnin Kebbi

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wasu samari da ke yawo da wani ɗan baƙin akwati mai girman tafin hannu, suna tallarsa a majalisu da bakin shagunan waya daga Badariya har Gesse. Wasu kuma ta WhatsApp da TikTok suke cinikinsu, su aika kaya a mota zuwa Jega da Argungu. Bakinsu ɗaya: ka biya sau ɗaya, ka huta da kuɗin DStv da StarTimes, ba dish ba eriya, ga NTA Birnin Kebbi, ga Arewa24, ga ƙwallon Ingila, har illa masha Allahu. Damfara ce.

Babu tasha ko ɗaya a cikin akwatin nan. Ƙaramar kwamfuta ce mai Android irin ta wayar hannu, duk hoton da ke fitowa ta intanet yake zuwa. In babu data, babu kallo.

Wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, haka aka yi masa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya jona akwatin a bayan talabijin, tashoshi suka yi ta zubowa. "Baba, ka gani da idonka, ni ba na sayar da biri a sama." Ashe wayar da ke aljihunsa ce ke ba akwatin intanet. Yana karɓar kuɗi ya hau babur, hoto ya tsaya cak. Da aka kira shi sai ya ce ai sai an sa "'yar data kaɗan". Kallo mai tsabta kuwa na iya lashe gigabait 1 zuwa 3 a awa guda, to gidan da yara ke kwana a gaban talabijin, ku yi lissafin wata. Ɗan dattijon ya daure yana sayen datar. Ba a daɗe ba manhajar da ke kawo tashoshin a cikin akwatin ta rufe, tana neman lambar shiga. Lambar da aka sa masa tun farko ta gwaji ce, ta masu satar tashoshi, kuma wa'adinta ya cika. Sai ga maganar "kuɗin sabuntawa", a tura ta wani asusu mai sunan da ba na yaron ba. Aka tura, ya toshe layi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, rabin abin da suke sayarwa kyauta ne tun asali. Channels da TVC da Arise suna watsa shirinsu kai tsaye a YouTube, ko da wayarka za ka kalla. Tashoshinmu na gida kuwa, wato NTA ta nan da talabijin ɗin jiha, ta iska suke watsawa, eriyar nan da ake ɗaurewa a kan gora ita ke kamo su, ba a biyan ko sisi. A cikin irin waɗannan manhajoji, in ma ka ga NTA, galibi ta Abuja ce. Mai son labaran Hausa na jiha da sanarwar gwamnati ba zai same su a can ba. Ƙwallon kuma ta sata ce, shi ya sa take yankewa daidai lokacin da wasa ya ɗau zafi.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ke zuwa a dashe cikin irin waɗannan akwatuna marasa sunan kamfani. Wata guda bayan haka Google ya shigar da ƙara a kan masu wannan manhaja, yana cewa na'urori sama da miliyan 10 abin ya shafa. Ɓarayi na amfani da intanet ɗin gidanka su yi aika-aikarsu kai ba ka sani ba. Don haka wanda ya riga ya saya, kada ya kuskura ya shigar da imel ɗinsa ko lambar katin banki a ciki.

Ba na ce duk akwati haram ba ne. Akwai na gaskiya, masu shaidar Play Protect, wato shaidar da ke nuna Google ya tantance na'urar, kuma mai sayar da su zai gaya maka ƙarara cewa da data suke aiki. In mai talla ya zo maka, ka ce ya kashe wayarsa gaba ɗaya a gabanka, sannan ya buɗe maka NTA Birnin Kebbi. Ka nemi rasit mai adireshin shago. Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp, ya sanar da bankinsa da wuri, sannan ya kai ƙorafi ofishin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.