Gargaɗi ga masu son kawo agola ziyara Saudiyya: ku kiyayi mai cewa zai "gyara" takardar haihuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda, Makka, Madina da Riyad, musamman iyayenmu mata da suka baro 'ya'ya a gida suka sake aure a nan. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan Najeriya da 'yan Nijar, yana kuma tallata kansa a Facebook da TikTok, wai shi mu'aƙƙibi ne, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, mai hanya a ma'aikatar harkokin waje, kuma ya ƙware wajen fito da bizar ziyarar iyali ga yaran da ba mai iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya) ne ya haife su ba. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya ba wata Hajiya a Shara Mansur daban, wanda ya ba wani direba a Kandara daban, layin waya ma kullum sabo. Salon aikinsa ne kawai ba ya canzawa, don haka shi zan bayyana muku.

Ba kowa yake nema ba, ya san inda yake kafa tarkonsa. Mace ce aurenta ya mutu a Kano ko Damagaram, ko mijin ya rasu, Allah Ya haɗa ta da mai iƙama ta taho, yara biyu ko uku suna hannun kakarsu. Hutun makaranta ya matso, tana so su zo su gan ta, su yi Umara, su ga ƙannensu da aka haifa a nan. Maigida ya buɗe shafin neman biza, ya iso wurin da ake tambayar dangantakarsa da wanda zai zo, ya dubi fasfon yaro ya ga sunan wani uba ba nasa ba, sai hannunsa ya tsaya. A daidai wannan gaɓar mutumin ke shigowa, da murya mai laushi da yawan salati: "Hajiya, kada ki damu, wannan ƙaramin aiki ne, jiya ma na fitar wa wasu." Har 'yan'uwanmu Hausawan Sudan bai ƙyale ba, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a watan Afirilun 2023 ya raba su da 'ya'yansu, kuma su ne suka fi kowa matsuwa.

Da farko zai karɓi kuɗin "buɗe fayil", a tura ta asusun wani mutum da sunansa bai yi kama da wanda ya faɗa ba. Bayan kwanaki sai ya turo hoton takarda mai tambarin dabino da takubba, da lamba, da sunayen yara cikin Larabci. Murna ta cika gida, a kira Kano a ce a fara ɗinki. Daga nan sai kuɗin inshora, sai kuɗin "sakin fayil", sai wani jami'i da ya ce sai an ga idonsa. Ranar da aka kwashi yara zuwa cibiyar Tasheer mai karɓar takardun bizar Saudiyya don ɗaukar hoton yatsu, ranar ake gane lambar ba ta cikin na'ura. Kafin a kira shi ya toshe layi.

Wannan asarar kuɗi ce, mai zafi amma tana warkewa. Wadda ta sa na zauna rubutun nan ita ce ta biyun.

Idan ya ga kuna da abin hannu, sai ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a sake wa yaro takardar haihuwa, a sa sunan mijin uwarsa a matsayin uba, in ya so a yi masa sabon fasfo da wannan sunan. Yana da masu buga masa takarda mai kama da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, har da hatimi. Mata da yawa suna yarda ne ba don rashin tsoron Allah ba, sai don gudun abu ɗaya: kiran tsohon miji a roƙe shi takardar amincewa. Na san yadda wannan kiran yake da nauyi, musamman inda aka rabu baram-baram. Amma Hajiya, ki dubi abin da za ki ɗora wa yaronki don kauce wa kiran minti biyar.

Fasfon Najeriya yanzu ɗaure yake da lambar NIN, dole bayanansu su dace. Yaron da aka canza wa uba a fasfo, ko dai a canza masa har a NIN, ko ya zama mai suna biyu. Ita kuma NIN ɗin da ita zai yi rajistar JAMB, da ita zai buɗe asusun banki, da ita zai nemi aiki. Takardun makarantarsa suna ɗauke da sunan mahaifinsa, fasfonsa yana ɗauke da na wani. In ya isa a ɗauki yatsunsa, basmarsa, wato hoton yatsun, za ta zauna a na'urar Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, ƙarƙashin sunan ƙarya, ranar da ya girma ya zo aikin Hajji da sunansa na gaskiya, yatsa ɗaya ya fito da mutum biyu, wa zai tsaya ya yi masa bayani a filin jirgin Jidda? Ban ma taɓo maganar gado ba, ranar da mahaifin ya kwanta dama, 'yan uba suka zaro fasfo a gaban alƙali suka ce ai ga uban da ya zaɓa.

Sannan ga abin da ya fi duka. A Suratul Ahzab, aya ta 5, Allah Ya ce a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurinSa. Zaidu ɗan Harisa a gidan Annabi (SAW) ya tashi, ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Riƙon agola alheri ne mai lada, kuma mazan da ke ciyar da 'ya'yan matansu kamar nasu sun cancanci yabo. Amma a danganta yaro ga wanda ba ubansa ba, don a zo da shi ɗawafi, wannan kam an yi ba a yi ba.

Hukuma ma ba ta wasa da shi. Dokar Saudiyya ta hukunta masu jabun takardu ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya ƙirƙiri takardar hukuma, kuma wanda ya yi amfani da ita alhali ya san jabu ce, hukuncinsu ɗaya. Ku lura da kyau: sunan da ke kan buƙatar bizar na maigida ne, lambar iƙamarsa ce, shi ya tabbatar da cewa bayanan gaskiya ne. Mu'aƙƙibin bogi ba ya cikin fayil ko da harafi ɗaya. Idan abu ya tashi, Alhaji ne zai amsa tambayoyi, shi ne iƙamarsa da aikinsa za su shiga garari, wataƙila a ƙare a tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar.

Akwai kuma wani abin da yake yi a tsakiyar ciniki. Zai ce, "Alhaji, yanzu lamba za ta fito maka a Nafath, ka danna ta don in shigar da fayil." Nafath manhajar gwamnati ce ta tabbatar da cewa kai ne, wannan dannawar kuwa sa hannunka ce. Da ita ake iya shiga da sunanka a yanki layin waya ko a buɗe asusu, kana can kana tuƙi ba ka sani ba. Kada ka amince da wata buƙata a Nafath in ba kai ka fara ta da hannunka ba, kalmar sirrin Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, kuwa ko ɗan'uwanka kada ka ba.

Ita bizar ziyarar iyali ba haja ba ce da wani ke da ita a aljihu. Mai iƙamar da wa'adinta bai ƙare ba shi ke cike buƙata da kansa a shafin biza na ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, a tabbatar da ita, ma'aikata ta duba ta amince ko ta ƙi. In ta amince, lamba ta fito, sai a ƙarasa a gida: a biya kuɗin biza da inshorar lafiya, a kai fasfo cibiyar Tasheer, akwai ta a Kano da Abuja da Legas. A wannan shafin dai ana iya duba kowace buƙata da lambarta da lambar iƙama. Duk wanda ya turo maka hoton takarda, kafin ka ƙara masa ko halala ɗaya, shiga ka duba. Idan Larabcin ne matsala, kusan kowane gida a nan akwai yaron da ya yi makarantar ƙasar, a ba shi waya ya karanta.

A wurin dangantaka kuwa a rubuta gaskiya: ɗan matata ne. A haɗa takardar aurenku, da takardar haihuwar yaro ta asali mai nuna sunan uwarsa, da rubutacciyar amincewar mahaifinsa. In ya rasu, takardar shaidar rasuwa. In ya ɓace ko ya ƙi don mugunta kawai, kotun Shari'a na nan, ita ke da ikon yanke maganar riƙo da tafiya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa in ta yi sabon aure riƙo kan koma hannun mahaifiyarta, uba kuma yana nan a matsayin waliyyi, don haka tsallake shi ba dabara ba ce, buɗe wata shari'ar ce. Takardun a fassara su zuwa Larabci, a kai su tantancewa a ma'aikatar harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya. Yana cin lokaci, yana cin takalmi, kuma bayan duk wannan ma'aikata na iya ƙi. Amma ƙin da aka yi wa fayil na gaskiya ba ya hana ka sake nema gobe.

Shawarata ga mata: ba dole ke ki kira shi ba. Tura kawun yaran, ko limamin unguwa, ko wanda ya yi muku walicci tun farko. Mazaje da yawa da za su yi wa tsohuwar mata gardama ba sa iya yi wa dattijo, balle in an ce yaro Ɗakin Allah za shi.

Wata ƙaryar da yake ƙarawa don ciniki ya yi armashi ita ce wai yara za su iya zama har su yi Hajji, ko a mayar musu da ziyarar iƙama daga baya. Bizar ziyara ba ta ba da izinin Hajji. A 2025 ma'aikatar cikin gida ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai bizar ziyara da aka kama a Makka daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, da wadda ta kai riyal 100,000 ga wanda ya nemo masa bizar. Wanda kuma ya wuce wa'adinsa bai fita ba, tara har riyal 50,000, ɗauri har wata 6, sannan a kore shi. Ranar ƙarewar biza tana nan a Absher, a riƙa dubawa.

Waɗanda ya riga ya cuta, na san abin da ke hana ku magana: kunya, da tsoron kada a je wurin askar, wato 'yan sanda, a ɓuge da tambayar takardunku. Da wannan shirun yake ci. Mai iƙama lafiyayya ya tattara rasiɗin tura kuɗi, hotunan hirarku, saƙonnin murya da lambar asusun, ya sanar da bankinsa nan take, ya shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Dokar yaƙi da zambar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗauri har shekara 7 da tara har riyal miliyan 5. In asusun na Najeriya ne, wani ɗan'uwa a gida ya kai wa EFCC. Wanda kuma aka riga aka buga wa yaronsa takardar jabu, kada a kai ta Tasheer, kada a nemi fasfo da ita. In har an yi fasfon, a dakatar da tafiyar, a nemi lauya a gida, a kuma tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda kan yadda za a mayar wa yaro sunan mahaifinsa kafin a sake neman wata biza.