Hayis daga Praia zuwa Tarrafal: amana na nan, amma sai da haƙuri

Wata uku ina tsibirin Santiago a Cabo Verde ban wuce Praia, babban birnin ƙasar, ba, sai ranar Asabar na je gefen kasuwar Sucupira na shiga Hayis mai zuwa Tarrafal, can ƙarshen tsibirin ta arewa, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne jakata. Da muka isa na sauka da sauri don in kama sallar Azahar, na bar ta ƙarƙashin kujera, fasfona da kuɗina duk a ciki. Sai da na zauna bakin teku zan biya kuɗin gasasshen kifi na laluba babu. Gabana ya faɗi. Ban riƙe lambar mota ba, Kiriyol ɗina kuma, wato yaren ƙasar, bai wuce gaisuwa ba. Na koma inda aka sauke mu, motar ta tafi. Ina tsaye ina salati, bayan kamar awa ɗaya sai ga yaron motar a ƙasa, yana leƙen fuskokin mutane, jakar a kafaɗarsa. Da hulata ya gane ni. Ko eskudo ɗaya bai yi ciwon kai ba. Na ba shi tukuici ya ƙi, sai da na matsa. Allah Ya yi masa albarka.

Amma kuma idan na tuna safiyar, raina na ɓaci. Direba ya ce yanzu za mu tashi, ashe zagayen gari zai yi ta yi da mu yana neman fasinja. A Assomada, wani gari da ke kan hanya, ranar kasuwa ce, aka ƙara lodi har kan cinya: buhun masara, ayaba, da robar kifi wadda ruwanta ya jiƙe mini shadda. Ƙarnin bai fita ba sai da wanki biyu. Hawan dutsen Serra Malagueta kuwa, hanya ta yi ta murɗewa, rami a gefe, hazo ya sauko, direba kuma yana amsa waya da hannu ɗaya. Wannan ban yafe ba, rayuka ne a motar.

Zan sake shiga, amma ba ranar Laraba ko Asabar ba, ranakun kasuwar Assomada, kuma sai na ga mota ta kusa cika.