Dogon wasa ko na walƙiya: wanne sabon ɗan kallo zai fara bi?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya. Bai daɗe da kamuwa da son chess ba, yana so ya ɗauki gasar manyan gwanaye guda ɗaya ya bi ta tun daga farko har ƙarshe, amma ya rasa wadda zai kama: ta dogon wasa irin Tata Steel da Candidates (gasar fitar da wanda zai ƙalubalanci zakaran duniya), ko ta sauri irin gasar duniya da hukumar chess ta duniya, FIDE, ke shiryawa a ƙarshen Disamba. To Malam, na sha zaman duka biyun, ga yadda na gan su.

Agogo ne ya raba su. A Candidates ta 2024 a Toronto, kowane ɗan wasa yana da minti 120 na motsi 40 na farko, wasa ɗaya kawai a rana, mutum takwas, zagaye 14, kusan mako uku ana abu ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuwa, wasan rapid minti 15 ne da ƙarin daƙiƙa 10 kan kowane motsi, blitz kuma minti 3 da ƙarin daƙiƙa 2. A 2023 a Samarkand, zagaye 21 na blitz aka buga cikin kwana biyu. Kafin ka gama fahimtar abin da ya faru a wannan allo, an riga an sake jera 'ya'yan.

Idan nishaɗi kake nema, babu gardama, blitz ne. Hannu na rawa, 'ya'ya na faɗuwa a kan allo, babban gwani ya bar sarauniyarsa a bakin doki kamar ni da kai. Ba a rasa abin magana: a New York a 2024, Magnus Carlsen ya bar gasar rapid saboda rigimar wandon jins, ya dawo blitz, a ƙarshe shi da Ian Nepomniachtchi suka raba kambun tsakaninsu. Sai dai ka tambayi kanka, me ka kalla? Yawancinmu ba allon muke kallo ba, sandar nan ta gefe muke kallo, wadda injin lissafi ke ɗagawa da saukewa. Ta yi sama mu yi ihu, ta faɗo mu riƙe kai. Dalilin hawanta da saukarta kuwa, oho.

Dogon wasa yana da nasa aibin, kuma gara in faɗa maka tun yanzu. Canjaras ya yi yawa. A Landan a 2018, Carlsen da Fabiano Caruana sun buga dogon wasa 12 na neman kambun duniya, duka goma sha biyun kunnen doki, sai a wasan sauri Carlsen ya ci uku a jere. Akwai ranar da za ka zauna mutum ya yi minti arba'in ya dafe kai bai taɓa komai ba, sannan su yi musabaha su tashi.

Amma wannan minti arba'in ɗin naka ne kai ma. Nan ne za ka kashe injin, ka dubi allon, ka ce da ni ne ga abin da zan buga, sannan ka jira ka ga ko gwanin ya yarda da kai. Sau tara cikin goma ba zai yarda ba, kuma mai sharhi zai nuna maka dalili. Blitz ba ya ba ka wannan sararin ko kaɗan.

Sannan doguwar gasa labari ce mai tafiya, kowace rana tana ɗora wa ta jiya. Dubi ranar ƙarshe ta Toronto. Gukesh, yaro ɗan shekara 17 daga Indiya, yana gaba da rabin maki. Hikaru Nakamura da Caruana da Nepomniachtchi suna biye da shi. Gukesh ya yi canjaras da Nakamura, ya tashi da maki 9. Saura allo ɗaya, Caruana da Nepomniachtchi: duk wanda ya ci zai kamo yaron a je wasan raba gardama. Caruana ya samu wasan a hannu, injin na ta cewa ya gama, amma agogo na cin sa, nasarar ta suɓuce, ta dawo, ta sake suɓucewa. Motsi 109 suka yi, aka tashi babu wanda ya ci, su biyun suka rasa, Gukesh ya lashe gasar. Wanda ya leƙo a ranar kaɗai ya ga canjaras. Wanda ya bi mako ukun ya san abin da ya faɗi a kan teburin nan. Watanni takwas bayan haka a Singafo, a wasa na 14 na neman kambun duniya, zakaran lokacin Ding Liren ya ajiye hasumiyarsa a gidan f2 a wasan da kowa ya riga ya rubuta canjaras, Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18.

Akwai tsaka-tsaki, in kana so. Gasar Norway Chess tun 2019 ta ƙi yarda a tashi haka nan: in dogon wasa ya ƙare canjaras, sai a buga gajeren wasa na a-yi-ta-ta-ƙare, wanda canjaras a cikinsa nasarar mai baƙaƙen 'ya'ya ce. A can ne a 2025 Carlsen ya naushi tebur bayan Gukesh ya kayar da shi. Ni dai tsarin bai gama kwanta mini ba, yana sa wasu su lallaɓa dogon wasan su jira gajeren, amma ɗan kallo ba ya tashi hannu rabbana.

Shawarata, fara da Tata Steel. Kowace Janairu ake yi a Wijk aan Zee, ƙauyen bakin teku a Holan, mutum 14, zagaye 13, kowa sai ya haɗu da kowa. Suna cakuɗa tsofaffin hannu da matasa masu jin yunwa, shi ya sa ake samun ci fiye da gasar da manya zalla ke tsoron juna. Carlsen ya lashe ta sau takwas. A 2025 Praggnanandhaa ya ƙwace ta daga hannun Gukesh a wasan raba gardama.

Kuma kada ka ce sai ka zauna awa shida. Zaɓi mutum ɗaya ka bi shi, buɗe allonsa a shafin Lichess ko Chess.com, ka leƙa farkon wasan na minti goma ka tafi harkarka. Ka dawo a awa ta uku zuwa ta huɗu, lokacin da suke rige-rigen cika motsi 40 agogo na ƙarewa. Sandar injin kuma ka rufe ta, sai ka faɗi naka motsin tukuna ka buɗe.