Dokin shekara a Ingila da Amurka: yadda suke zaɓe da inda son rai ke shiga

Salamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman mutanen sukuwa na Katsina da Kano da Maraɗi da ke ta tambayata wai a nan ƙasar Turawa ya ake gane dokin da ya fi kowane doki a shekara, ko su ma musu suke kamar mu. To musu suke yi, har sun fi mu ma, sai dai su nasu musun da takarda a hannu ake yinsa. Ni aikin barga nake a Newmarket da ke Ingila, garin da ake horar da dawakan tsere kusan 3,000, shara da wanka da ba da abinci da raka doki filin tsere, don haka abin da zan faɗa wani ido ne ya gani wani kuma a bakin tsofaffin harkar na ji shi.

Bari in fara da kayan aiki. A nan babu harawa babu dusa babu kanwa, busasshiyar ciyawa ce ɗauri-ɗauri da abincin kamfani na buhu, kuma aunawa ake a sikeli kowane doki da awonsa a rubuce. Ni dai har gobe ban yarda ciyawarsu ta fi harawar wake mai kyau ba, kuma dokinmu na gida ya fi nasu jure rana da wahala nesa ba kusa ba, nasu ɗan abu kaɗan ƙafa ta kumbura sai a kira likita. Amma fa wajen likitan sai dai mu yi shiru, asibitocin dawaki ne sukutum a garin da na'urar hoton ƙashi da ɗakin tiyata, ga mai sa wa doki takalmi yana zagayowa a kai a kai, in za a yi tsere a canza masa mara nauyi na alminiyom. Komai akwai, komai kuma da tsada ta fitar hankali, talaka ba ya riƙe dokin tsere a nan sai dai a yi karo-karo mutum goma ko ashirin su mallaki guda ɗaya. A wannan kam mun fi su morewa.

Inda suka yi mana nisa na gaske shi ne rubutu. Kowane dokin tsere yana da fasfo nasa, an zana jikinsa a ciki, inda fari yake a goshi ko ƙafa, har inda gashi ya murɗe, sannan akwai ɗan ƙaramin cip da aka sa masa a ƙarƙashin fatar wuya. In mun isa filin tsere kafin a bar mu mu shiga barga sai wani ya zo da 'yar na'ura ya goga a wuyan dokin, lamba ta fito, ya duba fasfo ya ga sun yi daidai, sannan ya ce ku wuce. Ba maganar a canza wa doki suna ko a rage masa shekaru, don littafin asalin dawakan da kamfanin Weatherbys ke riƙewa tun 1791 aka fara shi, kuma duk dokin tsere a wannan ɓangaren na duniya ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara ko da a watan Mayu aka haife shi. Shi ma joki sai ya hau sikeli da sirdinsa kafin tsere, in bai kai nauyin da aka yanka wa dokin ba a cusa masa faranten dalma a aljihun ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi, in ya ci ya dawo a sake auna shi. Ga kyamara a kan layin ƙarshe da ke raba dawakai ko da hanci ne, ga gwajin fitsari bayan tsere. Washegari ka sayi jaridar Racing Post ka tarar da komai, wa ya zo na ɗaya, da tsawon doki nawa, nauyi nawa ya ɗauka, ƙasar busasshiya ce ko ta jiƙe.

Kar ku ga kamar maganar kofi ce kawai, kuɗi ne zunzurutu a bayan wannan suna na dokin shekara. Dokin da ya yi fice in ya daina tsere ajiye shi ake don baye, kuma Frankel da ke nan kusa da mu kuɗin haɗa shi da goɗiya ɗaya a 2024 fam 350,000 ne. A Amurka kuwa bayan Flightline ya gama tsere a 2022 an yi gwanjon kashi biyu da rabi cikin ɗari na mallakarsa kawai aka saya dala miliyan 4.6. To kun ga me ya sa ake ɗaga jijiyar wuya.

Hanya uku na gani da suke bi wajen zaɓen dokin shekara. Ta Amurka ƙuri'a ce zalla, kyautar Eclipse da aka fara a 1971, masu jefawa su ne marubuta da masu sharhin tsere da ma'aikatan jaridar Daily Racing Form da wakilan NTRA, ƙungiyar tseren dawaki ta Amurka, kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai. A nan ne aka yi rigimar da har yau ba ta mutu ba. A 2009 goɗiyoyi biyu ne suka gagari kowa, Rachel Alexandra ta yi tsere takwas ta cinye duka, uku daga ciki maza ta kayar har da babban tseren Preakness wanda rabon da goɗiya ta ci shi tun 1924, ita kuma Zenyatta ta ci biyar cikin biyar ta rufe shekara da babban tseren Breeders' Cup Classic, goɗiya ta farko da ta taɓa cin sa. Ba su taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba, don mai Rachel ya ce shi dokinsa ba zai taka ƙasar roba da aka shimfiɗa a filin Santa Anita ba, inda aka yi Breeders' Cup ɗin. Aka jefa ƙuri'a Rachel 130 Zenyatta 99. To wannan ni ban ga laifi ba, kowacce aka ba akwai hujja.

Ta shekarar da ta biyo baya ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. 2010 Zenyatta ta zo filin Churchill Downs don Breeders' Cup Classic da nasara 19 a jere ba ta taɓa faɗuwa ba, ta taso daga can baya kamar yadda ta saba, ta wuce kowa, amma wani doki mai suna Blame ya riƙe ta ya ci da tazarar kai. Haɗuwarsu ɗaya ke nan kuma shi ya ci, bayan tun kafin nan ya ci tseren Stephen Foster da na Whitney cikin maza manya, ita kuwa duk sauran tserenta na shekarar da 'yan uwanta goɗiyoyi ta yi. Da aka zo ƙuri'a sai Zenyatta 128 Blame 102. Wallahi ni ma ina son Zenyatta, duk wanda ya kalli bidiyonta tana rawa da ƙafafun gaba kafin tsere sai ta shiga ransa, amma wannan biyan bashin bara aka yi mata, kuma kyautar ta shekara ce ba ta rayuwa gaba ɗaya ba. Abin mamaki Amurkawan sun san amfanin maki, tun 2013 da maki ake tace dawakai 20 da za su shiga Kentucky Derby, amma wajen dokin shekara sai a bar wa zuciya.

Hanya ta biyu ta masu awo ce, jadawalin duniya da ake kira da sunan kamfanin agogon Longines. Masana daga ƙasashe daban-daban ke zama su ba kowane doki lamba, lambar kuma nauyi take nufi, in wannan yana da 130 wancan 125 to sai na farkon ya ɗauki ƙarin laba biyar kafin su iso layi tare. Frankel 140 aka ba shi bayan tsere 14 ba faɗuwa, Flightline ma 140, Equinox na Japan 135 a 2023. Da jin haka za ka ce shi kenan an gama, lissafi ya raba gardama. Ina! Matsalar ita ce tserensa mafi kyau guda ɗaya ake kallo. Arrogate a 2017 ya makara wajen fita a Dubai World Cup, ya zama na ƙarshe, ya zo ya wuce kowa har da Gun Runner, aka ba shi 134. Daga nan ya koma gida ya faɗi sau uku a jere, na ƙarshen ma Gun Runner ɗin ne ya ci, amma duk da haka a jadawalin shi ne na ɗaya a duniya a shekarar, yayin da Amurkawa suka ba Gun Runner dokin shekara. A wannan karon masu ƙuri'a ne suka fi gaskiya. Kuma lambar ma ai mutane ne ke yanke ta ba saukar da ita aka yi ba, a 2013 suka koma suka sake duba tsofaffin lambobi suka sauko da Dancing Brave daga 141 zuwa 138, shekaru da yawa bayan dokin ya mutu.

Ta uku ita ce ta nan Turai, kyautar Cartier da ake bayarwa tun 1991, gauraye ce. Kaso ɗaya makin da doki ya tara a manyan tsere cikin shekara, kaso ɗaya ra'ayin masana, kaso ɗaya ƙuri'ar jama'a masu karanta Racing Post da Daily Telegraph. Frankel ya ci a 2011 da 2012, Enable a 2017 da 2019. Cikin ukun ita ta fi kusa da adalci a wurina, sai dai kason jama'ar nan bai gamshe ni ba, masu karanta jaridun Ingila ne ke zaɓe alhali dawakan Faransa da Jamus da Ayalan duk suna cikin takara, kowa kuwa ya san na gida shi ake fara gani.

In da ni za a tambaya, rabin hukunci a ba maki na shekara gaba ɗaya, amma kada a ce duk babban tsere makinsa ɗaya ne, a duba ƙarfin dawakan da aka kayar ta hanyar lambobin masu awo, don cin tsere mai suna a kan dawakai huɗu marasa ƙarfi ba daidai yake da cin babban tseren Arc na Faransa ba. Sauran rabin masana su jefa ƙuri'a amma kowa da sunansa da dalilinsa a fili, mutum in ya san za a karanta abin da ya rubuta yakan yi hankali. In biyu suka yi kusa da juna kuma sun taɓa haɗuwa, wanda ya ci a haɗuwar shi ke gaba. Jama'a kuma a ware musu kyautarsu daban, Amurkawa ma suna da irin ta, Vox Populi da mai dokin nan Secretariat ta kafa a 2010, kuma Zenyatta ce ta fara ci, to ai da an bar ta da wannan an ba Blame haƙƙinsa.

Na san inda za ku kama ni, Flightline sau uku kacal ya yi tsere a 2022, in maki ake tarawa wani da ya fita sau takwas zai iya wuce shi, alhali ya ci Pacific Classic da tazarar sama da tsawon doki 19 kuma ba mai hankalin da zai ce akwai kamarsa a shekarar. Shi ya sa ban ce a miƙa wa maki komai ba, rabin masana zai ɗaga irinsa. Amma kuma ba na so a saba wa masu doki da ɓoye dokinsu a barga suna zaɓar tsere uku masu daɗi, wanda ya fito ya yi ta karawa da kowa daga farkon shekara zuwa ƙarshe dole a ga ladan wahalarsa.

Mu a gida tun da ba caca ke riƙe da harkarmu ba kamar nan, ba sai mun kwaso tsarinsu gaba ɗaya ba, kuma yawancin abin da ake buƙata ba shi da tsada. Littafi ɗaya a kowane fili da za a rubuta sunan doki da launinsa da alamominsa da mai shi, nisan da aka yi, wa ya zo na ɗaya har na huɗu, sikelin auna joki da sirdinsa, agogon ƙidayar lokaci, sai mutum ɗaya amintacce ya tsaya daidai layin ƙarshe da waya yana ɗaukar bidiyo. In filayen Kano da Katsina da Yamai suka yarda da irin rubutu ɗaya suna tura wa juna sakamako, a ƙarshen shekara sai a tara maki a kira dattawan harka su ɗora nasu ra'ayin kowa da sunansa. Wanda ke son ganin yadda ake zana alamomin doki a fasfo ya yi mini magana, zan zana masa samfuri in turo.