Kamus ɗin Merriam-Webster na intanet, a ma'aunin kalmar "jubilee"

Kamus ba ya nuna ƙarfinsa sai a kan kalmar da mutane ke ganin sun riga sun sani, shi ya sa na auna shafin Merriam-Webster da kalmar "jubilee", wadda galibi ake fassarawa da "biki" a wuce wurin. Kamfanin na birnin Sifirinfil ne a jihar Masacusets ta Amurka, kuma ana duba kalma a shafinsa kyauta, har da jin yadda ake furta ta.

Abu na farko da kamus ɗin ya gyara shi ne zaton cewa kowane shagali ake nufi. Kalmar tana nufin bikin cikar wasu shekaru na musamman, musamman shekara 50, don haka ba kasafai ake kiran liyafar aure ko walimar kammala karatu da wannan suna ba. A Turanci ana jingina ta ga azurfa idan shekara 25 ce, zinariya idan 50 ce, lu'ulu'u idan 60 ce. Da haka aka yi bikin cikar Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya shekara 50 da 60 a kan karaga a 1887 da 1897, kuma Sarauniya Elizabet ta Biyu ta kai ga na shekara 70 a kan karaga a 2022, wanda babu wani mai sarautar Birtaniya da ya riga ta.

Sashen asalin kalma ne ya fi burge ni, kuma nan ne nake ganin darajar shafin take. Ya kai kalmar ga Ibrananci, inda "yobel" ke nufin ƙahon rago, wanda ake busawa don shelar shekara ta hamsin, shekarar da dokar Yahudawa ta ce a 'yanta bayi, gonaki su koma ga masu su. Duk wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa Cocin Katolika ke kiran shekararta ta yafiya da wannan suna tun 1300, da kuma dalilin da ya sa baƙaƙen fatar Amurka suka laƙaba shi ga waƙoƙinsu na addini masu begen 'yanci. Ma'anar waƙoƙin ma tana cikin kamus ɗin, abin da ƙananan kamus-kamus kan tsallake.

Sai dai a sani cewa an rubuta shi ne domin wanda Turancinsa ya riga ya nuna. Bayanin gajere ne, da Turanci zalla, lafazin kuma na Amurka ne, saboda haka ɗan koyo zai buƙaci wani kamus mai sauƙi a gefe. Amma mai fassara, ko wanda aka ɗora wa rubuta takardar gayyata, ina ba shi shawarar ya karanta shafin kalmar har ƙarshe kafin ya sa ta a kan bikin da bai cika shekarun da suka dace ba.